Ranar Rasuwar Mamman Sani

Tun da na dawo daga Nijar babu wanda ya gamu da ni a unguwarmu ta Ƙofar Dumi, nan Bauchi, bai tsayar da ni ba. A majalisarmu ta ƙofar shagon tela tambayar kullum ɗaya ce: yaya ƙasar, yaya abincinsu, me ya kai ka. Ni kuma sai in ce lafiya lau, in yi shiru, har wani abokina ya fara cewa ko wani abu aka yi mini a can. Ba a yi mini komai ba. In ma akwai wanda ya yi wa wani, ni ne. Na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Akwai wuraren da ban tabbata ba, in na zo kansu zan faɗa.

Shekarata biyu da gama jami'a, ina aiki a wani ƙaramin kamfanin haɗa manhaja a GRA, mu huɗu ne har da Oga. Mun yi wa wani ƙaramin asibiti a wani ƙauyen Nijar bayan Matamaye manhajar rajistar masu shan magani na dogon lokaci, irin masu tari da masu hawan jini. Sunan ƙauyen ba zan faɗa ba. Ma'aikaciyar jinya tana shigar da bayanai a kwamfutar hannu, kowace rana kwamfutar ta aika da su zuwa babbar kwamfutarmu ta Bauchi, ta karɓo sabon kwafi ya maye gurbin tsohon. Ran Litinin kuma da ƙarfe goma na safe, babbar kwamfutar tana buga wa duk wanda ya tsallake ranar karɓar maganinsa waya, ta tuna masa.

Wata Alhamis Oga ya leƙo ofishinmu yana dariya.

"Nura, mutanenka na Nijar sun kira. Wai manhajarka tana kiran matattu."

"Matattu kuma, Oga?"

"Haka matar ta ce. Ina jin dannawa ce ba su iya ba. Shirya ka je ka nuna musu, dama lokacin ziyara ya yi."

Kafin in tashi na duba babbar kwamfutar. Komai tsaf, babu saƙon kuskure ko ɗaya. Abu guda ne ya tsaya mini a rai: wata huɗu cur babu wanda ya mutu a rajistar. A lokacin na ce wataƙila Allah ne ya ba su lafiya.

Na bar Bauchi ran Asabar da sassafe, ta Ningi da Birnin Kudu zuwa Kano. Mahaifiyata ta cusa mini dambun nama a jaka, ta ce kada in ci abin da ban sani ba, kada in yi gardama da mai kaki. Jakar kwamfuta a kan cinyata ta yi tafiyar nan duka, domin na ƙi yarda a sa ta a but ɗin motar. Wani ɗan kasuwa da ke gefena ya gaji da gwiwar hannuna ya ce, "Malam, in jariri ne a ciki ka fito da shi ya sha iska." A Kano na kwana gidan wani ɗan ajinmu, washegari na shiga motar Daura, daga nan zuwa Kwangwalam.

A bakin iyaka ne na fara ganin bambanci. Namu jami'an suna magana da ƙarfi, suna wasa, suna sallamar mutum da hannu. Jandarmomin can ba sa ɗaga murya, amma kowace takarda sai sun karanta ta har ƙasa. Ni kuwa na zo da kwafi uku-uku na komai: fasfo, katin rigakafi, wasiƙar kamfani. Jandarman ya jera su a tebur ya daɗe yana kallo.

"Tun safe kai kaɗai ka zo da takardu cikakku," in ji shi. "Shi ya sa nake zarginka."

Na ɗauka da gaske yake. Sai da na ga gefen bakinsa yana motsi na gane wasa yake. Ya sa na kunna kwamfutar, ya tambayi sana'ata, da na faɗa sai ya zaro wayarsa ya ce tunda haka ne in duba masa me ya sa take cika da wuri. Na share masa hotunan gaisuwar Juma'a masu yawan gaske, ya buga mini hatimi.

A motar Matamaye na zauna kusa da wani dattijo mai rawani. Ya ga ina ta juya fasfo sai ya nuna mini katinsa. A wurin ranar haihuwa babu rana babu wata, an rubuta da Faransanci cewa an haife shi wajen shekara kaza. Na ce, "Baba, kuma hukuma ta karɓa haka?" Ya ce, "To ƙarya kake so ta rubuta?" A gida da tuni an ba shi ɗaya ga Janairu an wuce wurin.

Abincinsu bai ba ni wahala ba, duk da gargaɗin mahaifiyata. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa har ya kankare mini dasashi. Na ci kwaɗon zogale da suke ce wa kopto, ya fi namu yaji. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsakar rana. A Bauchi azahar ba ta hana keke gudu. A can da rana ta take sai a rufe shaguna, titi ya zama wayam, kamar an kwashe mutanen.

A irin wannan lokacin na isa ƙauyen, a bayan babur ɗin Malam Isufu, ma'aikacin asibitin da ke bin gidaje. Mutum ne mai furfura, mara yawan magana. Asibitin, wanda su suke kira likita, ɗaki uku ne da rumfa. Benci huɗu a rumfar, babu kowa a kai sai wata akuya a ƙarƙashi. Na ɗauka zafin rana ne. Malam Isufu ya ce a'a, ko da safe ma haka ne yanzu.

Shugabar wurin ita ce Majo Hadiza. Majo shi ne abin da suke kiran babbar ma'aikaciyar jinya. Ta girme ni da kamar shekara ashirin. Ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta nuna mini ɗakin ajiya inda aka shimfiɗa mini katifa tsakanin kwalayen magani.

Na ce, "Majo, ko za ki nuna mini yadda kike shigar da bayanan? Wataƙila wani wuri ne ake tsallakewa."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wato ban iya ba."

"A'a, ba haka nake nufi ba..."

"Gobe Litinin. Ka huta. Da ƙarfe goma za ka ji da kunnenka."

Da safe ta kira ni ofishinta, saura minti biyar ƙarfe goma ta cika. Ita da Malam Isufu suka zauna. Agogon bango yana tafiya. Ina jin kukan kurciya daga bayan taga. Goma na cika sai wani abu ya fara ruri a cikin teburinta. Kafin ya tsaya wani ya kama, sai wani. Ta ja aljihun teburin. Wayoyi ne a ciki, ƙananan nan masu madannai, guda bakwai, kowace an ɗaura mata ƙyalle ko zare don a gane mai ita. Suna haske suna rawa suna karo da juna.

"Iyalansu ne suka kawo," in ji ta. "Sun ce ba za su kwana da su a gida ba. Ni nake yi musu caji, don kada wani ya ce ƙarya muke."

Ta ɗauki ɗaya ta danna. Muryar da ta fito tata ce. A tsarinmu, duk wanda aka yi wa rajista Majo ce ke faɗin sunansa a naɗa, sai manhaja ta haɗa da sauran saƙon. Muryar ta yi sallama cikin fara'a, ta kira sunan wani mutum, ta ce ana jiransa a likita, maganinsa ya iso.

"Wannan ni na rufe masa ido," in ji Majo.

Ba zan ce na tsorata ba, domin na san na'ura ce, na san ma layin da ke buga wayar. Amma na ja da baya daga teburin.

Ta ce mutum goma sha ɗaya ne. Duk wanda ya rasu tana shigar da ranar rasuwarsa, ta ga ta zauna. Washegari in ta buɗe sai ta tarar wurin fanko, mutumin ya koma cikin masu rai. Ta sake shigarwa, ta sake, har ta gaji. Mata sun daina gaishe ta a rijiya. Masu tari sun daina zuwa karɓar magani, domin ba wanda yake so ta naɗi sunansa.

Na buɗe kwamfutata. Ban yi minti goma ba na gano, kuma ina jin tun a hanya zuciyata ta sani. Bari in yi bayani a sauƙaƙe. In kwamfutar hannu za ta aika da bayanin mutum zuwa Bauchi, sai ta mai da shi rubutu a wani tsari da ake kira JSON, a can kuma a mai da rubutun bayani. Shi wannan tsari abubuwa kaɗan ya sani: kalmomi, lambobi, e ko a'a, jeri, da babu. Bai san kwanan wata ba. Dole mai haɗa manhaja ya koya wa mai juyawar yadda zai rubuta rana da yadda zai karanta ta. Wata huɗu da suka wuce na canza wurin ranar rasuwa zuwa wani sabon nau'in kwanan wata, mai juyawar ya tsaya, ya ce bai san wannan nau'in ba. Ran Juma'a ce, ana jirana a tafi masallaci. Maimakon in koya masa, sai na rubuta layi ɗaya da ke cewa duk abin da bai gane ba ya tsallake ya wuce. Saƙon kuskure ya ɓace. Na gwada da mutum biyar na ƙarya, komai ya tafi daidai, domin a cikin biyar ɗin ban kashe ko ɗaya ba.

Don haka kullum Majo ta rubuta mutuwa, mutuwar ba ta isa Bauchi. Bauchi kuma ta dawo mata da mutumin da ransa, ta goge abin da ta rubuta.

Na yi tunanin in ce matsalar sadarwa ce. Ba wanda zai gane. Na juya maganar a raina ya fi sau uku, sannan na ce, "Majo, ba ke ba ce. Ni ne. Da hannuna na rubuta."

Malam Isufu ya ce, "Ikon Allah." Majo ta ce, "To gyara."

Gyaran manhajar bai kai la'asar ba. Na cire layin, na koya wa mai juyawar ya rubuta rana a matsayin shekara, wata, rana, ya kuma karanta ta haka, na sa in ya sake gamuwa da abin da bai sani ba ya tsaya ya yi ƙara, kada ya wuce. Amma ranakun da suka goge sun tafi. Na tambayi katunan takarda. Majo ta ce, "Ku kuka ce mu daina takarda." Wasu ranakun tana tunawa, wasu ta ce ba za ta rantse ba. In kuwa wurin ya zauna fanko, Litinin mai zuwa waya za ta sake ruri. Ba yadda za a yi sai a bi gida-gida a tambaya.

Kwana biyu muka yi muna yawo a babur. Malam Isufu ne ke sallama ya yi ta'aziyya, ni in biyo da ban haƙuri. Ba wanda ya zage ni, abin da ya fi damuna ke nan. A wani gida ma sai da aka dama mini fura. Kuma kusan ba wanda ya ba ni rana irin wadda manhaja ke so. Wani ya ce ran kasuwa ce, mako biyu bayan Sallar layya. Wata ta ce ranar da aka yi ruwan farko. Mukan zauna da kalanda mu lissafa, in ta ƙi fitowa daidai in rubuta watan kawai, domin na ƙara wa manhajar wurin da za a ce wajen lokaci kaza. Goma suka samu haka.

Na goma sha ɗaya Malam Isufu ya bar shi ƙarshe da gangan. Ran Laraba da hantsi ya tsayar da babur nesa da gidan, a gindin wata bishiyar bedi, wato darbejiya, ya kashe.

"Wannan sai ka yi a hankali. Mamman Sani sunansa. Yana shan maganin tari, bai gama ba ya tafi arewa haƙar zinariya. Abokin tafiyarsa ya dawo ya ce ciwon ya tashi a can, da hannunsa ya sa shi a kabari. Majo ta rubuta ranar da labari ya zo. Uwarsa, Inna Haule, ta sa an tara mutane za a yi addu'a. Ran Litinin ce. Ana shimfiɗa tabarmi wayarsa da ya bar mata ta yi ƙara."

"Sai aka yi yaya?"

"Ta sallami kowa. Ta ce likita ba ta kiran wanda ya mutu. Har yau ba a yi masa addu'a ba. Matarsa ta gama takaba, Inna ta ce ba ta san da wannan ba. Ita Inna ba ta kawo wa Majo wayar ba. Kowace Litinin tana wanka ta zauna ta jira."

Na ce ko za a bar nata haka. Ya ce, "Kai ka sani. Na'urarka ce."

Mun same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Tsohuwa ce ƙarama, idonta garau. Wayar tana rataye a wuyanta cikin 'yar jakar fata irin ta laya. A jikin bangon ɗaki na ga buhun gero da ba a kwance bakinsa ba, daga baya Malam Isufu ya ce mini na sadakar addu'ar da aka fasa ne. Da ta ji daga inda na zo sai fuskarta ta saki.

"Kai ne mai na'urar? Sannu da zuwa, ɗana. Zauna nan. Ina ta so in ga wani daga cikinku in tambaya. Ita na'urar tana ganin inda yake?"

"Inna, ba ta gani."

"To yaya take sanin yana nan?"

Na dubi Malam Isufu, shi kuma ya dubi ƙasa. Na fara kame-kame, ina cewa wani lokaci na'ura takan yi kuskure, ba lallai ba ne abin da ta faɗa ya zama haka. Ta katse ni.

"Yi mini magana sosai. Ni ba yarinya ba ce."

Sai na faɗa mata. Na ce na'urar ba ta san komai ba sai abin da aka rubuta mata. Majo ta rubuta cewa ya rasu, ni kuma na yi sakaci a Bauchi rubutun ya goge, shi ya sa take kira. Na ce ba shi kaɗai ba ne, mutum goma sha ɗaya take kira, goma daga ciki a nan garin aka binne su, kowa ya gani.

Hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Na ji ana faɗa," in ji ta. "Na ce nasu daban."

"Ba daban ba ne, Inna. Ki yafe mini."

"Kai ka ga kabarinsa?"

"Ban gani ba."

"To ba ka sani ba ke nan."

"Ban sani ba. Abin da na sani kawai, kiran nan ba daga wurinsa yake ba. Daga wurina yake."

Kaji suna tsattsagar waken da ya zube. Ta kama jakar fatar ta riƙe a tafin hannu.

"Ɗan fari ne," ta ce. "Tun da na haife shi bakina bai taɓa kiran sunansa ba, ka san al'ada. Yaron nan nake cewa. Sai wannan abu ya zo yana faɗa mini shi duk mako, sarai, kamar yana bayan ɗaki." Ta ɗago. "Yanzu me kake so?"

Na ce rana nake nema in rubuta, ko da wata ne, ko wajen lokaci kaza. Na ce in ba ta so, zan iya neman hanyar da zan tsayar da kiran ba tare da na rubuta komai ba, ko da yake sai na tambayi Oga. Malam Isufu ya fara cewa abokin tafiyar ya ce wajen farkon azumi ne. Ta ɗaga masa hannu.

"Shi wannan ya faɗi nasa. Yau wace rana ce?"

"Laraba, Inna."

"Rubuta yau."

Na ce, "Inna, ai ba yau ba ne..."

"Ni uwarsa ce. Rubuta yau."

Ni mutum ne da ba na son rubuta abin da ban tabbatar ba, kuma sakaci da rana ne ya kawo ni gidan. Na riƙe kwamfutar hannun ina kallon wurin fanko. Ban san ko daidai na yi ba, har yanzu ban sani ba. Na rubuta ranar, na danna, na jira har ta je Bauchi ta dawo. Ranar ta zauna, ba ta goge ba.

Inna Haule ta cire jakar daga wuyanta ta ajiye a kan faifan. Ta ce wa Malam Isufu ya biya ta wurin liman ya gaya masa jibi ne kwana uku, a zo a yi wa yaron nan addu'a, a kuma aika gidan su matarsa. Sannan ta tashi ta nufi buhun geron ta fara kwance bakinsa.

Ranar Alhamis ya kamata in kamo hanya. Na kira Oga na ce sai Asabar. Ya tambaya ko aikin ne bai ƙare ba, na ce ya ƙare, rasuwa aka yi.